Bincike Ya Same Ni a Kan Benci

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da muka rufe makaranta ba, a daminar da nake neman auren Hajara. Har yau in ta faɗo mini a rai, ko ina tsakiyar cin abinci ne, sai na ajiye cokali na rufe fuska.

Bari in fara gaya muku cutata, don ku san da wa kuke magana. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a nan Wudil. Ina da gemu, ina da babur, ɗalibai suna tsorona daidai gwargwado. Amma tun ina aji uku na firamare littattafan labarin zane, waɗanda yaran yanzu ke ce wa komik, suka shiga raina suka yi zaune. A takardar ƙosai ma abin ya fara. An aike ni bakin gada, mai ƙosan ta ƙunsa mini a wani shafi mai launi, duk mai ya jiƙa shi. A jikinsa ga wani mutum yana tafiya a kan gajimare, hannuwa a baya, kamar mai zagayen gonarsa. Labarin ba farko ba ƙarshe, rabin maganar da ke fitowa daga bakinsa ma yaji ya rufe ta. Ni na raɗa masa suna Mai Gajimare, kuma shekara da shekaru ni nake ƙarasa masa labarinsa a kaina. In hadari ya taso daga gabas ya tsaya a kan kogi, sai in jingina da ƙarfen gada in yi ta kallo, ina ganinsa yana taka baƙin gajimare yana sauka a kan fari, har sai wani direba ya danna mini oda. Sai da na girma na samo tsofaffin fitowar littafin wajen masu baza littattafai a ƙasa a Kano, sababbin kuma nake bi a waya. (Har yanzu wanda na ƙirƙira a kaina ya fi daɗi, amma wannan tsakaninmu.)

A wajen aiki Allah ya haɗa ni da masu irin cutata su biyu, Malam Sabo na Turanci da Malama Binta ta kimiyya. Duk ƙarshen shekarar karatu, in mun gama cika katin sakamakon yara, mukan fitar da tebur da benci gindin darbejiyar da ke bayan ofishin malamai, mu zaɓi littafin da ya fi kowanne a shekarar. Ba kofi, ba kyauta. Gardama ce kawai da gasasshiyar masara.

Malama Binta ce ta haɗa ni da Hajara, ƙawar ƙanwarta, ma'aikaciyar jinya 'yar Darki. Magana ta yi nisa, manya sun shiga, saura abu ɗaya, wato bincike. Kun san yadda ake yi. Dangin yarinya za su turo mutum a ɓoye ya zo unguwarku da wajen aikinka, ya tambayi maƙwabta, ya tambayi liman, ya tambayi mai shago, kai kuwa ba ka san dawan garin ba. Abin da ya koma ya faɗa shi ne hukunci. Ranar Juma'a Hajara ta tsegunta mini a waya.

"Baffa aka ɗora wa, yayan Babanmu. Cikin satin nan zai zo, ban san ranar ba. In ya ce a'a, ko Baba ba ya tsallake maganarsa. Don Allah ka natsu."

"Haba Hajara, yaushe ne ban natsu ba?"

Ta yi shiru. (Da ina da hankali, da shirun nan ya ishe ni wa'azi.)

To, na natsu. Kwana shida ina sahun farko, har ladan ya ja ni gefe ya tambaye ni ko wani abu ya faru a gida. Babur kuwa tafiyar da nake yi da shi, awaki ma wuce ni suke. Kuma da yake sana'ar kaina ce, tuni na zana Baffa: dogo, babbar riga ta shadda, carbi a hannu, mota mai sheƙi. Duk motar da ta tsaya a ƙofar makaranta sai in gyara wuyan riga. Sau biyu ina durƙusa wa mutanen da katin 'ya'yansu kawai suka zo karɓa.

Da Alhamis ta zo ban ga kowa ba, sai na yanke wa kaina cewa ya zo ya tafi, kuma na ci. An yi ruwa da safe ya ɗauke, gari ya yi luf, ƙasa tana ƙamshi, gajimare sun jeru a sama wani a kan wani. Irin ranar da zuciyata ba ta zama a ƙasa ke nan. Yara suka watse, muka fitar da teburinmu mai shimfiɗa mai furanni, aka kawo masara.

Rigimar shekarar a kan Mai Gajimare ce kansa. A sabuwar fitowa masu zanen sun yi masa aure, har da haihuwa. Malam Sabo ya ce shi ne littafin shekara, Malama Binta ta bi bayansa, ni kuwa na yi wata biyar ina jiran ranar nan da ciwon abin a raina.

Mun fara ke nan wani tsoho ya shigo yana tura keke. Malafa a kansa, takalmin roba, taɓo har ƙafar wando. Ya yi sallama, ya ce ko zai ɗan huta a inuwarmu. Muka ce bismillah. Malama Binta ta zame daga benci ta durƙusa.

"Sannu da zuwa. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya mutanen gida? Ya hanya?"

Na ga ya ɗan ɗaga mata yatsa, ita kuma ta haɗiye sauran maganarta. Ban kawo komai ba, don Malama Binta ko mai gadi haka take gaisarwa. Na gutsura masara na miƙa masa rabi, na koma fagen daga.

"Malam, ka yarda kawai," in ji Malam Sabo. "Wannan ne karon farko da mutumin ya zama mutum. Ka duba shafin da yake shanya kayan jariri a kan gajimare."

"A shafin nan suka kashe shi," na ce.

Sai na shiga tuna musu tsofaffin. Na kawo musu wadda ya yi kwana bakwai yana jan hadari da igiya zuwa wani gari da fari ya cinye, shi kaɗai, ba wanda ya san fuskarsa. Shafi huɗu ba magana ko ɗaya, sai sama da tsuntsaye da inuwarsa tana ratsa busassun gonaki. Da ruwan ya sauka mutane suka fito suna murna, shi kuwa tuni ya yi nisa, ɗan ɗigo ne a kusurwar shafi. Ina faɗa ina kallon sama ta tsakanin ganyen darbejiya, kuma wallahi ganinsa nake. Na manta da Malam Sabo, na manta da makaranta, na manta akwai wani abu wai shi bincike a duniya.

"Malam, in yi tambaya mana," in ji tsohon. "Shi wannan bawan Allah da ke yawo a sama, wa ke dafa masa?"

"Baba, jarumi ba ya cin abinci a littafi."

"To. Gona fa, yana da ita?"

"Baba, zancen nan ya fi ƙarfin manoma. Ci masararka kawai."

(Eh, haka na ce. Na sha ƙoƙarin in tuna ta da wasu kalmomi masu sauƙi, amma Malam Sabo yana nan da ransa.)

Tari ya kama Malama Binta. Da ya lafa ta ce, "Malam, ko mu bar maganar nan sai an dawo hutu?"

"Kin hango kaye ne, Malama."

Ban san lokacin da na janye shimfiɗar tebur na ɗaura a wuya ba. Ban san lokacin da na hau benci ba. Na dai tsinci kaina a sama, iska tana kaɗa furanni a bayana, hannuna ɗaya yana nuna gabas.

"Ku rubuta ku ajiye," na ce. "Duk jarumin da ya yi aure ya gama yawo. Yau a ce ya sayo daddawa, gobe suna a gidan surukai, jibi a kai yaro rigakafi. Yaushe zai ja hadari? Aure kabarin jarumta ne. Ko ni nan da kuke gani, wata uku ya rage mini in sauko daga sama."

Ba wanda ya yi dariya. Malama Binta ta rufe fuska da mayafi. Tsohon ya ƙarasa masararsa a tsanake, ya karkaɗe hannu, ya miƙe ya kama kekensa.

"Malam, ni daga Darki nake. An aiko ni in tambayi halin wani malamin lissafi a makarantar nan. Jiya na yi unguwa, yau na ce bari in leƙo wajen aiki. Na yi niyyar shiga wajen shugaban makaranta, amma ina ga ka hutar da ni."

Na sauko. Na kai hannu in kwance ƙullin wuyana ya ƙi, don da zuciya ɗaya na ɗaura shi. Haka na durƙusa a cikin taɓo da shimfiɗar tebur a baya, na ce, "Ina kwana, Baffa." An yi azahar da awa guda.

"Lafiya lau," ya ce. "Ya aka baro mutanen sama?"

Ya hau kekensa ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Kwana biyu Hajara ba ta ɗauki wayata ba. A nan dariya ta ƙare, tsoro ya kama ni na gaske, don ina son yarinyar nan, kuma da bakina na rusa abin da na yi shekara ina ginawa. Na je bakin gada na jingina kamar yadda na saba. Hadari ya taso, na duba, na ƙara dubawa, ban ga kowa a kai ba. Mahaifiyata ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce mata eh.

Ranar Lahadi saƙo ya shigo: "Ka zo bayan la'asar." Na same ta a zauren gidansu, ta shimfiɗa mini tabarma, ta zauna can nesa. Muka gaisa kamar baƙi.

"Baffa ya tara su Baba jiya," ta ce. "Ka san shekara arba'in yana dillancin shanu a kasuwar kara. Ya ce da ya zaga unguwarku kowa yabonka yake, liman yabo, mai shago yabo, har hankalinsa ya tashi. Ya ce shi bai taɓa sayen san da bai gano aibinsa ba, don wanda aka cika yabo shi ke tunkuyi in an kai shi gida. Da ya gan ka a kan benci sai ya ji sanyi. Ya ce ga aibin nan a fili, ba sha ba ne, ba caca ba ce, wauta ce, ita kuwa ana zama da ita. Ya ce kuma ka raba masararka da tsohon da ba ka sani ba kafin ka zage shi."

Na fara hamdala, ta ɗaga hannu.

"Nasa binciken ke nan. Ni ban gama nawa ba. Kabari ko?"

Idonta ya cika da hawaye, amma ba ta bari sun zubo ba. Kunyar da na ji a lokacin ta fi ta benci, don waccan ta wauta ce, wannan kuwa mutum na ɓata wa rai. Na gaya mata gaskiya, wadda ko kaina ban taɓa gaya wa ba. Na ce tsoro nake ji. Tun ina yaro wurin nan na sama shi kaɗai ne nawa, kuma gani nake in na yi aure za a ce in rufe shi in zama babba.

Da na gama sai ta ce, "Turo mini littafin. Na bana, mai auren."

Bayan kwana biyu ta kira ni. Na ce ya ta gani.

"Zanen ya yi kyau. Matar ce ta burge ni. Shekara nawa yana jan hadari ana tafa masa, ita ce ta farko da ta tambaye shi ko ya gaji."

Na yi wata biyar ina zagin littafin nan, ban taɓa lura da wannan shafin ba.

An ɗaura aure bayan girbi, Baffa ne waliyyi. Har yau in na je Darki gaisuwa yakan sa a ɗauke benci daga ƙofar gida, wai don kada ya ja ni. Ni dai darasin da na ɗauka ɗaya ne: duk tsohon da ya jingina keke kusa da kai, ka ɗauke shi baffan matarka, sai in an kawo maka shaidu biyu cewa ba shi ba ne.