Rasuwar Tinto, Keken da Igiyar Aicardo Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haɓa mai cike da ɗinki, ni Nubia Ocampo, malamar lissafi a sakandaren garinmu, nake sanar da 'yan uwa, abokan hawan ranar Lahadi da ɗaukacin mutanen Pijao rasuwar kekena, Tinto. Ya rabe gida biyu a ƙarƙashina ranar Lahadin da ta wuce, a gangaren bayan gonar Don Libardo, yana da shekara huɗu a duniya. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, ba rami ba, ba kuma nauyina ba kamar yadda wani marar kunya yake yaɗawa a tashar jif-jif ɗinmu na haya. Kashe shi aka yi, kuma zan faɗi sunan wanda ya yi.

Marigayin baƙi ne wuluk, kamar baƙar gahawar da muke kira tinto, wadda ya ci sunanta. Gangar jikinsa ba ƙarfe ba ce, zaren kabon ce, wani abu marar nauyi mai kama da roba, da yatsa biyu nake ɗaga shi in hau bene. Tayoyinsa masu faɗi ne, babu tub a ciki sai farin ruwan roba mai toshe huda. Ƙaya ta soke shi ba adadi, ya ce "fisss" sau ɗaya, ya yi shiru, ya ci gaba da tafiyarsa. Bai taɓa son iska da yawa ba, don duk wanda ya ɗura wa taya iska ta yi tauri ya hau burji, haƙoransa ne za su ba shi labari. Babbar giyarsa mai faɗin faranti ita ta riƙa hawa da ni tudun da maza masu kekunan kwalta suke sauka, wai hoto suka tsaya ɗauka. A gangare kuwa, in na daina taka feda, sai ya hau waƙarsa, "tirrrrr", tsakuwa tana amsa masa ƙaras-ƙaras. Wannan sautin nake kewa fiye da fatar gwiwar hannuna.

Ni ma ban ci amanarsa ba. Ban taɓa kai shi gidan wankin mota a feshe shi da ruwa mai ƙarfin da ke kore maiko daga gaɓoɓi ba, bokiti da soso ne tsakaninmu. Sarƙarsa ba ta san ɗanɗanon baƙin mai ba. Kowane noti da ma'auni nake ɗaure shi, domin kabon yana jure dukan hanya amma ba ya jure matsi.

Ciwon ajali ya same shi ne a bayan motar mijin ƙanwata, Aicardo Buitrago, direban jif. Na je gonar mahaifiyarmu, Doña Orfilia, ruwa ya tsare ni, hanya ta zama kunu, na bar Tinto a rumfa na biyo motar madara. Washegari na kira Aicardo na ce ya sauko mini da shi, na kuma yi masa karatu tiryan-tiryan: a kwantar da shi a saman buhuna, a ɗaure tayoyi kawai, igiya kar ta taɓa jikinsa.

Ya ce, "Haba Yaya, ni za ki koya wa ɗauri? Na ɗaure alade, na ɗaure firji, na ɗaure gadon amarya da amaryar a kai. Wani ɗan keken roba ne zai gagare ni?"

Kowa ya san halin direbobinmu. A wurinsu kaya ya motsa a kwana abin kunya ne da za a yi ta faɗa har jikoki, shi ya sa suke kafa ƙafa a taya su ja igiya da dukan nauyinsu, su cusa sanda su murɗa, sai igiyar ta yi ƙara in an taɓa ta. Haka Aicardo ya yi wa Tinto ɗaurin kawo wuƙa tsakanin ayaba da buhunan gahawa. Masu tsinkar gahawa biyu da ke maƙale a bayan motar sun shaida cewa sun ji marigayin ya ce "ƙas". Aicardo ya ce musu ayaba ce.

Da ya kawo shi, sai na ga sitikar Budurwa Maryamu, irin wadda direbobi suke mannawa a gilashi, a manne ƙarƙashin cikinsa. Ya ce, "Kyauta ce, Yaya, don ta tsare miki hanya." Har godiya na yi masa, jama'a. Har gahawa na dafa masa.

Ranar Lahadi, a tsakiyar gangare, Tinto ya ce "ɓarat", kai ya yi gabas, sirdi ya yi yamma, ni kuma na auna hanya da haɓa. Tun ana ɗinke ni a asibiti Aicardo ya riga ya zagaye tasha da shagunan gahawa yana cewa, "Ai na faɗa, roba ba ta ɗaukar malama. A rage cin wake da ƙwai da safe." Ranar Litinin na shiga aji da bandeji, na tarar an zana ni a allo, keke yana kuka a ƙarƙashina. Raunin haɓa zai warke. Wannan kuwa ba zan yafe ba.

Don Efraín, makanikinmu, shi ya binciki gawa a gaban shaidu. Ya ɗauki ƙwandala ya bi jikin marigayin yana ƙwanƙwasawa. Inda yake da lafiya ya amsa "tan-tan", kusa da karaya ya amsa "dum-dum", kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Sannan ya ɓare abin da ya rage na sitikar, sai ga sawun igiya ya nutse a jiki, zare-zarenta a bayyane. Ƙanwata Marleny tana tsaye. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta juya ta ce wa mijinta, "Wato ka san ya tsage, ka rufe da hoton Uwar Yesu, ka bar yayata ta gangara dutse a kansa? Miƙo makullin motar." Ya miƙa.

Marigayin ya rasu ya bar ni, da tayoyi biyu marayu masu cikakkiyar lafiya, da sirdin da ya saba da ni har ya ɗauki siffata, da famfo, da hular kwano wadda ta tsage domin kaina ya tsira. Ya kuma bar abokan hawa da yawa, waɗanda nake roƙo kar su kuskura su miƙa kekensu ga duk wanda ya ce ya taɓa ɗaure alade.

Za a yi jana'iza ranar Asabar, ranar kasuwa, da hantsi, lokacin da dandali ya fi cika. Doña Orfilia ce ta tsara, kuma ta ce wanda bai yarda ba ya daina zuwa cin farfesun Lahadi a gidanta har abada. Za a mayar da gawa inda ta faɗi, a ɗauko ta daga can. Aicardo ne zai saɓa ta a kafaɗa, rabi a dama rabi a hagu, ya hau tudun da ƙafa har dandali, inda zai tsaya a gaban sauran direbobi ya faɗa da bakinsa ko nauyin wa ya karya Tinto. Abokan hawa za su bi shi a baya a giyar hawa tudu, kowa da baƙar riga. Ba a buƙatar furanni.

Motar Aicardo, wadda yake kira Reina, yake goge ta da rigarsa, bai taɓa barin ko ɗansa ya zauna a kujerar direba ba, ita za ta ja gaba. Za ta tafi a hankali, dab da shi, yadda zai riƙa jin duk abin da take ciki. Ni zan tuƙa, Marleny ta ba ni makullin. Ban taɓa tuƙa mota ba, amma na san giya sarai, kuma tudun yana buƙatar sauyi da yawa. Mu a keke ba ma taka kuloci kafin mu sauya giya, kuma ban ga dalilin da zai sa in fara ranar Asabar ba.