Yadda Ake Karɓo Tsofaffin Takardun Haraji Kafin Juma'a

Kai da ka ɗora hannu a ka don an ce ka kawo shaidar harajin shekara uku, sauke hannunka, ka zo gidan sauƙi. Duk unguwar Kawo an san ni a wannan fanni. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari sai ka fito da takarda mai hatimi. Na gwada su a kan Ila kafinta na Rafin Guza, wanda wata makaranta a Badarawa ta yi wa tayin kwangilar benci ɗari biyu, da sharaɗin ya kai takardun harajinsa kafin Juma'a. Shekara goma sha biyar bawan Allah yana gyaran ƙafar kujera, wannan ne babban aikinsa na farko.

Mataki na 1: Ka fara nema a gida

Ba za ka samu ba, amma ka nema don ka ce ka nema. Zazzage akwati, ɗaga katifa, sannan ka tambayi maiɗakinka. Ila ya tambayi tasa, Yasmin, ta ce, "Au, waɗannan ƙananan takardun? Ai da su na shimfiɗe kabad ɗin kwanuka." Kada ka yi faɗa. Masana sun tabbatar rasit ba ya wuce damina biyu a gidan mai iyali.

Mataki na 2: Ka yi shigar ɗaurin aure

Shadda, hula, turare. Ka rungumi ƙaton fayil ko da babu komai a ciki, don a ofishin haraji mai fayil ake ba kujera.

Mataki na 3: Ka gaishe da kowa

Mai gadi, masinja, har wanda ke gabanka a layi, tunda ba ka san wanda Allah ya ba maɓalli ba. Amma ka ɗan lura. Ila ya rusuna wa wani mai ƙaton tumbi, ya yi rabin awa yana zuba bayani, mutumin na gyaɗa kai, ashe gyaran fanka ya zo yi.

Mataki na 4: Ka faɗi sunanka da ƙarfin gwiwa

A nan ake yin ta. Ila ya isa teburin Hajiya Harira, ma'aikaciyar da ke duba bayanai, ya faɗi sunansa har da na kakansa. Ta danna kwamfuta, ta sake dannawa.

"Malam Ila, babu kai a nan."

"Hajiya, wallahi kowace shekara da ƙafata nake zuwa in biya!"

"To da wane suna aka buɗe fayil ɗin?"

Ila ya sosa ƙeya. "Ai ina da babban wa, ranki ya daɗe. Ta yaya zan sa sunana a takardar gwamnati Yaya Audi na raye? Ai rashin kunya ne. Nasa na sa."

Ta danna, sai ga Audi ya fito tar, shekara goma sha biyar bai taɓa fashi ba.

"Kai, wannan yayan naka mutumin kirki ne," in ji ta. "Kai kuwa a wajenmu ko sisi ba ka taɓa biya ba. Kuma ba ma ba wani takardar wani. Sai shi ya zo da kansa."

Ran nan Laraba ce, saura kwana biyu Juma'a.

Mataki na 5: Ka lallaɓo yayanka

Shi Audi tunda aka haife shi bai taɓa riƙe zarto ba. Sana'arsa zama a bakin tashar Kawo yana gyara wa gwamnati kurakuranta. Irin wannan ba a yi masa gaggawa. Ka saya masa tsire, ka biya kuɗin keke, ka riƙe masa babbar riga kada ta ja ƙasa.

Da suka shiga, Hajiya har miƙewa ta yi tana yaba masa. Audi ya gyara hula ya ce, "Ba komai, Hajiya, haƙƙin ƙasa ne. Shi nake ta nuna wa wannan ƙanen nawa, ya ƙi ji."

Ka haɗiye. Ila ya haɗiye, har da murmushi, aka buga hatimi ranar Alhamis bayan Azahar.

Mataki na 6: Ka ci moriyar nasararka

Makaranta ta karɓi takardu, ta ba da kwangila da sunan da ke jikinsu. Ila ya yi murna ƙwarai, har ya raba goro a layinsu. Ranar Litinin da sassafe ya zo buɗe shago, ya tarar Audi ya riga shi, ya zaɓi kujerar da ta fi kyau ya harɗe a bakin ƙofa.

"Ila, ka makara. Kuma ƙusar can ta karkace. Sunana ne a kan aikin nan, kada ka zubar mini da mutunci."

"To, Yaya," in ji Ila, ya ɗauki guduma.

Gargaɗi

Abin da ya biyo bayan hatimi babu ruwana, ban gani ba, ban ji ba. In yayanka ya ce a rubuta masa "Manaja" a ƙofa, ko ya fara yanke maka hutun Sallah, tsakaninku ne, ni ba danginku ba ne. Mai ƙorafi ya rubuto a takarda, zan duba, amma sai yayansa ya sa hannu.