Ni da Jar Mota Mai Kujera Biyu

Yau da safe na faɗa ramin da ke ƙofar gidana. Ba wani babban abu ba ne, gwiwa ce ta ɗan goge, sai takalmi ƙafa ɗaya da har yanzu yake ciki. Katakon da muke ɗorawa mu tsallaka ne ya gaji da mu ya juye. Abin da ya fi gwiwar zafi shi ne, ina daga cikin ramin na ji mai askin da shagonsa ke kallon gidana yana gaya wa wanda yake yi wa aski cewa ka ga ƙarshen masu cin kuɗin jama'a ke nan. Da ni fa yake. Ni da na yi shekara talatin da biyu ina shaƙar alli a aji, na yi ritaya da keke ɗaya da ciwon baya.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Layinmu gangare ne, gidana kuma shi ne na ƙarshe. Shekara huɗu ke nan da tsohon kwalbatin ƙofar gidan ya rufta, tun daga nan duk damina ruwan unguwa kaf wurina yake kawo ziyara, ba ko sallama. Bangon ɗakin da nake kwana da maman yara ya tsage. Bara yatsa ne ke shiga tsagar, bana hannu ne. Magini ya duba ya girgiza kai, ya ce damina ɗaya ta rage masa, in ma ya kai.

Takardar koke tara na rubuta wa wancan ofishin da aka ce shi ke kula da irin waɗannan abubuwa. Bencin ƙofarsu ya san ni, ni ma na san inda ƙusarsa take. Shugaban wurin, Mai Girma Mai Koren Biro, Allah ya ƙara masa yawan mitin, ban taɓa sa shi a ido ba. Har na fara zargin babu shi, labarinsa kawai ake bayarwa don a tsorata talaka.

To, a zaman jiran nan ni da mai aski muka samu sana'ar yamma. Mu zauna a bakin titi, duk sa'ad da ɗaya daga cikin motocin nan masu kujera biyu ta wuce, masu kwanciya a ƙasa kamar an take su, masu gurnanin da ke tada jarirai, sai mu yi mata rakiya da baki. Mai aski ya ce masu irin motar kashi uku ne: ɓarawo, ɗan ɓarawo, da wanda ke koyon aikin. Telan kusa da shi ya ce shi ba satar ce ta dame shi ba, rowar ce, don duk wanda ya sayi mota mai kujera biyu ya riga ya sanar da dangi kada su sa rai. Ni kuma, a matsayina na mai ilimin majalisar, nakan ƙara da cewa mutumin da ke buƙatar wannan hayaniya kafin a san ya iso, shi da kansa ya san ba kowa ba ne. Ana tafa mini, ina jin daɗi.

Ran wata Talata ina tsaye a bakin hanya da koke na goma a hammata, ina jiran bas ɗin da rashin mai ya hana fitowa, sai ga wata ja wur ta tsaya a gabana. Na riga na haɗa zagin a baki aka sauke gilashi. Sifana ne, bakaniken bakin layinmu, tsohon ɗalibina da lissafi ya gagara amma inji bai gagare shi ba. An kawo masa ita gyaran birki, ya fito gwaji. Ya cire kayan aiki ya sa farare tas, don mai motar ya yi kashedin kada a ga ɗigon baƙin mai a kujera, ya kuma tsinci baƙin tabarau a ciki ya maƙala.

Ya ce, “Malam, shigo in sauke ka, rana ta yi zafi.”

Zan so in ce muku na yi gardama. Gaskiya ban fi ƙiftawar ido ina nazari ba. Shigar ce ma aiki, sai da na naɗe kamar tabarma, gwiwa na kuka baya na amsawa. Amma da na zauna, sanyi ya buge ni, ƙamshin fata ya shige mini hanci, sai na ji duk wata falsafa ta fara narkewa.

Ba mu yi nisa ba fitilar mai ta kama ƙyaftawa. Layin gidan man kuwa kwanansa uku, har masu sayar da ruwa sun kafa kasuwa a gefensa. Na ce wa Sifana yau nan za mu yini. Dariya kawai ya yi, ya nufi ƙofar fita, ya ɗan taka totur sau ɗaya. Motar ta yi gurnani, sarƙa ta faɗi ƙasa, manaja da kansa ya fito yana gyara wuyan riga. Ba wanda ya tambaye mu ko mu su wane ne. Na lura mutum ba ya tambayar mai irin wannan mota sunansa, don tsoron kada a ce ashe bai sani ba.

Can cikin masu jarka na hango mai aski, ya zo neman man janareta tun asuba. Gilashinmu baƙi ne, ba ya ganin ciki, ni kuwa ina ganin bakinsa sarai, kuma na san karatun da yake yi don tare muka tsara shi. Ya gama da mu ya shiga iyayenmu, yana shirin taɓa kakanni, na sauke gilashi don in gaishe shi. Kafin idonsa ya kai fuskata har ya rusuna, yana faɗin ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma. Sannan ya ɗago ya ga ni ne. Bakin ya tsaya a buɗe, jarkar na lilo a hannu.

Ga inda zan tona wa kaina asiri. Kamata ya yi in ce miƙo jarkar a zuba maka, ba abin da zai ragu a jikina. Ban ce ba. Yatsu biyu na ɗaga masa, irin yadda suke yi mana, na mai da gilashi sama. Wallahi ban san inda na koyi abin ba. Minti ashirin kacal na yi a kujerar, wuyana har ya sandare. Na ji kunyar wannan ɗaga yatsun, kuma har yau ina jin ta.

A ofis, mai gadin da ya shekara huɗu yana ce mini in koma gefe kada in tare hanya ya wangale ƙofa duka biyu, ya ƙame ya sara. Sakataren da bai taɓa ɗago kai ya dube ni ba ya karɓi fayil daga hannuna kamar jariri, ya shige gaba muna binsa. Sai ga mu a gaban Mai Koren Biro. Ashe akwai shi, gajere ne ma, yana tsaye a taga yana leƙen motar yana murmushi. Ya ba ni hannu biyu, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ya tambaye ni ya maigidan, ya kuma yaron. Na ɗauka irin gaisuwar manya ce da ba ta da mai ita, na ce duk suna lafiya.

Ya buɗe fayil ya ɗan yi dariya. “Wannan kwalbatin dai? To, tunda daga can aka aiko ku, ai ba sai an yi dogon zance ba. A gaida shi.”

Koren biro ya yi aikinsa. Na so in tambayi wa zan gaisar, amma murna ta toshe mini baki, ga lemo ban gama ba.

Kwana uku tsakani sai ga motar haƙa a layinmu, da lebura goma, da allon sanarwa, da mai ɗaukar hoto. Suka tone tsohon kwalbatin, suka yi rami mai kai wa mutum ƙirji daga wannan bango zuwa wancan. Wani mai hular kwano ya tsaya a baki yana nuna ƙasa da yatsa, aka ɗauke shi ta gaba da ta gefe. Kafin la'asar suka tattara, har da allon, suka ce gobe za a kawo siminti da rodi. Yau sati biyar ke nan da goben.

Unguwa kuwa ta riga ta yanke hukunci. Mai aski ya ba da shaida cewa da idonsa ya gan ni, ya kuma kwaikwayi yatsun, abin da ba zan iya musantawa ba. Tela ya ce shi dama ya daɗe yana zargi, shirun nan nawa ya yi yawa, keken ma na ɓad da sawu ne. Ramin ya zama babbar hujja, don wane talaka ne zai kira motar haƙa ta amsa cikin kwana uku? Abin dariyar, gaisuwa ta ƙaru. Da safe ranka ya daɗe har ƙasa, ina juya baya ɓarawo. Mai kanti ya daina nuna mini ƙaramin sabulu, ya ce ba girmana ba ne. Ƙanin maman yara da rabonsa da gidanmu tun bikin babbar 'yarmu ya zo da sabuwar hula yana neman in yi masa hanya. Ita kanta maman yara ta zaunar da ni bayan cin abinci, ta rage murya ta ce, “Malam, in akwai abin da kake ɓoyewa ka faɗa mini, ni mai rufa maka asiri ce. Amma a fara da bangon nan.”

Na koma ofis da ƙafa. Mai gadi ya dube ni sama da ƙasa ya ce in koma gefe kada in tare hanya. Na tuna masa ni ne na ranar Talata, na jar mota. Ya leƙa bayana, bai ga mota ba, ya ce shi bai san wannan zancen ba, kuma oga yana mitin. Wani tsohon magatakarda ne ya ji tausayina, ya ja ni bayan tankin ruwa ya raɗa mini cewa in daina wahalar da takalmina. A takarda an kammala kwalbatina, ga hoto a manne. Ya ce wannan ne ma karo na huɗu da aka kammala shi, kuma duk mutum ɗaya ke yin aikin, don an yaba da ingancinsa.

Daga nan garejin Sifana na zarce, ba kunya ba tsoron Allah, na roƙe shi aron jar motar na rabin sa'a. Ya ce ai mai ita ya ɗauka, kuma ya ma gaji da ita, rawaya ya yi oda tana hanya. Na tambaye shi wai shin wane ne mai motar nan. Ya ce wani yaro ne, babansa ɗan kwangila, harkar kwalbatoci yake yi, kuma a watan jiya aka sake sa masa hannu a wani aiki ba tare da ya ko nema ba. Yana cikin faɗa ya tsaya, ya ajiye sifanar hannunsa, ya sosa ƙeya.

Ya ce, “Malam, ina jin fa mu muka kai takardar.”

Na nemi tsohuwar taya na zauna. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban san wa zan zaga ba, tunda a jerin mai aski ban ga inda za a sa wanda ya kai takarda da hannunsa ya kuma sha lemo ba.

Jiya hadari ya haɗu ta gabas, ya yi mana gargaɗi ya watse. Maman yara ta sa mun janye gado daga jikin bangon mun kai shi falo, yanzu a nan muke kwana tsakanin kujeru. Ramin da aka haƙa mini kuwa bakinsa daidai ƙofar gida yake, ruwan bana ba zai sha wahalar neman hanya ba. Ina miƙa godiya ga Mai Girma Mai Koren Biro bisa wannan hangen nesa.

Saboda haka, mai karatu, in irin motar nan ta wuce ka tana gurnani, kada ka yi saurin zagi. Tsaya ka dube ta da kyau, ka ɗaga mata hannu, wataƙila rijiyar unguwarku ce, ko rufin ajin 'ya'yanka, ba ka taɓa ganinsu ba sai yau. Ni dai na shiga kwalbatinmu, na zauna a cikinsa, kuma ina ba da shaida aiki ne mai inganci: ga sanyi, ga laushin kujera, ga birki sabo. Ruwa ne kawai ba ya ɗauka. In kuma rawaya ka gani, don Allah ka tsai da yaron ka ce malamin da ya yi masa hanya yana gaisuwa, kuma akwai takalminsa ƙafa ɗaya a cikin aikin babansa.