Hoton Tsohon Zurmi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na koma sana'ar hoto ba, ko da na so in manta. Da can ina da shagona a Ƙauran Namoda. Da aka ƙaddamar da Shari'a, kiɗan biki ya ja baya, masu son a ɗauke su suna rawa suka ɓace, sai na jefa kyamara ƙarƙashin gado. Na yi kabu-kabu, na sayar da gero a kasuwar Shinkafi (wallahi ko wannan bai karɓe ni ba). Bayan shekara biyar na kakkaɓe kyamarata.

Aikin farko daga Zurmi ya zo. Wata Hajiya Kulu ce ta aiko: mahaifinta ya tsufa, ciwo ya kwantar da shi, kuma tunda yake bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Da ƙyar ta shawo kansa.

Na isa ina hura hanci. Aka naɗa wa tsohon rawani, aka jingina shi da bango, 'ya'ya da jikoki suka jeru gefensa. Ni kuwa sai iyayi: "Baba, ɗago kai kaɗan! Yawwa! Ai tun ba a yi jihar nan ba nake wannan aiki." Ina ta ƙyas-ƙyas har tsohon ya yi murmushi.

A mota na duba lambar kyamara: arba'in da ɗaya. Fim ɗin kuwa mai talatin da shida ne. Ai da tuni ya kamata ya ƙare. Ina isa gida na buɗe, ashe bakin fim bai kama ba tun farko. Iska na yi ta ɗauka!

Mai hankali nan take zai juya. Ni kunya ta hana ni, na kwana huɗu ina tsara ƙarya. Ranar da na koma da sabon fim, tabarmin makoki na tarar a ƙofar gida.

Hajiya Kulu ta fito zaure, idonta jajur, ta miƙo hannu biyu. "Malam mai hoto, Allah shi saka. Ka kawo mani Baba?"

Na faɗa mata gaskiya, kyamara na reto a wuyana. Ba ta zage ni ba (da ta zage ni, da na fi samun sauƙi). Sai ta ce, "To faɗa mani, ya yi murmushi? Mu duk kai muke kallo."

Na ce ya yi.

Yanzu sai na duba fim sau biyu kafin in buɗe baki. In kuma na yi ɓarna, ranar nake komawa. Kunyata ta iya jiran kwana huɗu, tsohon ne bai iya ba.