Bilandar Madina Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai ƙanshin ayaba har yanzu, Malam Hammajoda tela, mai ɗinkin labule a unguwar Ɗan Iya, a madadin kansa da mai ɗakinsa Habibatu, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar bilandar gidansu, wadda ta cika ranar Talata bayan la'asar a kan kantar kicin, tana tsakiyar aiki, da sitiroberi a cikinta.

Marigayiya ba 'yar wani babban gida ba ce. Daga wani shago a kasuwar Wunti aka ɗauko ta, cikin kwali mai hoton 'ya'yan itatuwan da babu wanda ya taɓa gani a Bauchi. Shekarunta na fari a aikin wahala ta yi su: tattasai, attaruhu, albasa, har da waken ƙosai ranar da injin unguwa ya ƙi tashi. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Duk mazaunin layin ya san muryarta. Takan fara da "gurrr" can ƙasa, kamar dattijon da ke gyaran murya kafin ya yi faɗa, ta haura zuwa "wiiii" har kyanwar gidan ta tsallake katanga, in an kashe ta kuma sai ta yi sallama da "tak-tak-tak" kafin ta yi shiru.

Darajarta ta ɗaukaka ne bayan Madina, 'yar autar gidan da ba ta daɗe da shiga firamare ba, ta yi jinyar taifot. Zazzaɓi ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta. An kawo tuwo ta kau da kai. An kawo taliya, an kawo kifi, uban ya taka har bakin titi ya sayo tsire da zafinsa, ta shinshina ta juya wa bango fuska. Mutumin da sana'arsa rage wa labule tsawo, sai ga shi yana rage wa 'yarsa ƙugun siket. Likita kuma ya faɗa musu a fili cewa in yarinyar nan ba ta fara sa wani abu a cikinta ba, gado za a mayar da ita a ɗaura mata ƙarin ruwa. Tun daga ranar Malam Hammajoda bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba.

Madam Bridget, maƙwabciyarsu da ke yawan zuwa Jos wajen danginta, ita ta shigo wata rana da ɗan kwandon sitiroberi, jajaye kamar an shafa musu janbaki. Ta ce a wanke su a cire ganyen kansu, a samo ayaba wadda ta nuna har ta fara ɗige-ɗige, a zuba kindirmo, a ɗiga zuma, a fasa ƙanƙara ƙanana, a ba bilanda ta yi sauran. Haɗin farko warin attaruhu ya yi, mai gida ne ya shanye shi yana hawaye. Aka wanke marigayiya da lemon tsami aka sake. Tana fara kukanta Madina ta taso daga kan tabarma, ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon fari da ja suna kokawa har suka koma ruwan hoda. Ta karɓi kofi ta sha. Ta miƙo kofin.

Daga nan aka yi wa marigayiya ritaya daga aikin miya, ta koma hidimar mutum ɗaya. Sai dai Madina ta kafa doka: abin da ba ta ji an yi wa kuka ba, ba ta sha. Ranar da babu wuta Habibatu ta murƙushe ayaba da cokali ta kai mata, yarinyar ta leƙa kofin ta ce wannan ba a yi masa kuka ba, ta koma ta kwanta. Shi ya sa gidan duka ya koma zaman jiran wuta. Malam Hammajoda yakan bar ƙwan shagonsa a kunne da rana tsaka, yana taka keken ɗinki ido ɗaya a allura ɗaya a sama. Ƙwai na kawowa zai bar labule a rataye, ya bar mai labule a tsaye, ya tari keke mai ƙafa uku zuwa gida yana ce wa direba ya taka, kafin a ɗauke.

Game da ciwon ajali, ga yadda abin ya faru. Mai gida ya jima yana ganin wannan ruwan hoda bai da nauyin da zai riƙe cikin yaro. A majalisarsu ta ƙofar shago aka tabbatar masa babu abin da ke gina jiki irin aya da dabino. Ya sayo. Habibatu ta ce aya sai ta kwana a ruwa, dabino kuma sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya an cire ƙwallo. Ya ce ya ji. To ranar Talata wuta ta zo ba sallama bayan an kwana biyu ba a gan ta ba, ayar na nan a bushe cikin leda, Habibatu ta leƙa gidan suna, shi kuwa ya san wutar da ta zo haka ba zama ta zo yi ba. Ya zuba ayaba, ya zuba sitiroberi da kindirmo, ya dubi ayar, ya tuna wuyan hannun Madina, ya ɗebi cikin tafi ya watsa. Ya bi ta da dabino.

Marigayiya ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ce "gurrr". Ta nemi hawa "wiiii" ta kasa. Sai aka ji "ƙarrr, ƙas", wani wari kamar an ƙona takalmin roba ya tashi, siririn hayaƙi ya fito ta ƙarƙashinta. Ko sallamar da ta saba ba ta samu yi ba.

Iyali sun rabu biyu a kan musabbabi. Mai gida yana kan ra'ayin cewa wutar ce ta zo da ƙarfi. Habibatu kuwa, da ta kawo masa abinci sai ya tarar da ƙwallon dabino mai tabon wuƙar bilanda a gefen farantinsa.

An naɗe ta cikin ragowar labule mai kyau aka garzaya da ita wajen Elisha mai gyaran kayan wuta. Bai ko kwance ta ba, ya kai ta hanci kawai.

"Malam, wannan ba ciwo ba ne, ya riga ya tafi. Me ka ba shi, tsakuwa?"

Malam Hammajoda ya ce abinci ne mai gina jiki. Elisha ya ba shi haƙuri, ya ce a nemi sabuwa. Sabuwa kuwa ba za ta shigo gidan ba sai an gama labulen wani otal da ke hannun mai gida, Madina kuma ba za ta iya jiran otal ba.

Marigayiya ta rasu ta bar kofinta lafiya lau, da murfi, da wuƙa mai haƙori guda a lanƙwashe, da ƙanwarta butar dafa ruwa wadda ita ma ba ta cika lafiya ba. Ta bar sitiroberi a firjin Madam Bridget suna laushi kullum. Ta kuma bar Madina, wadda aka ce da ita bilanda tana barci, ita kuma ta kwana da ruwa kawai a cikinta.

Washegari da yamma mai gida ya shiga kicin ya turo ƙofa. Ya ɗauko ƙwarya da ludayi, ya zauna yadda ya ga mahaifiyarsa na zama in za ta dama fura a ƙauyensu Miri, ya danne ayaba da sitiroberi a jikin ƙwarya, ya murza, ya zuba kindirmo, ya tace da rariya. Kuma duk tsawon aikin nan, magidanci mai furfura a gemu, wanda ake gaisarwa da girmamawa a layi, yana cewa "gurrr" da bakinsa, yana haurawa "wiiii" har jijiyar wuyansa ta tashi. Habibatu na gadin ƙofa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ya juye haɗin a kofin marigayiya ya kai wa Madina.

Ta dubi kofin. Ta dubi ubanta da gumi a goshi.

"Abba, ba ka yi tak-tak-tak ba."

Ya ɗauki kofin ya koma kicin, ya rufe ƙofa, ya yi tak-tak-tak yadda ya kamata, ya dawo. Ta shanye har ta ɗaga kofin sama, ta lashe ruwan hodar da ya yi mata gashin baki, ta ce gobe ya bar ƙofar a buɗe, tana so ta gani.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidan Malam Hammajoda, inda za a miƙa gangar jikin marigayiya ga ɗan gwangwan na farko da ya biyo layin da kurarsa. Kofi da murfi za su ci gaba da zama tare da iyali. Za a karɓi gaisuwa a zaure. Mai son zuwa da wani abu ya zo da ayaba nunanniya. Wanda ya zo da aya a ƙofa za a tsayar da shi. Maƙwabtan da suka ji wani irin kuka daga gidan bayan la'asar, don Allah kada su ɗauko malami, lafiya ƙalau ne. Masu ta'aziyyar da Allah ya hore wa murya mai kauri kuma ana roƙonsu su tsaya har yamma, domin muryar mai gida ta fara dishewa, Madina kuwa ta ce ranar kofi biyu za ta sha.