Rasuwar Goggo Gora a Kan Hamsin da Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnen hagu da har yanzu bai daina ƙara ba, ni Chuwang, Baban Olive, mazaunin Beltsville a Amurka, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar gorar iskarmu, wadda aka fi sani da Goggo Gora. Ta rasu ranar Asabar, sha biyu ga Agusta 2017, da misalin ƙarfe tara da rabi na safe, a garejin gidanmu, tana bakin aiki. Duk wanda ya karanta wannan sanarwa kafin matata Constance ta taso daga aiki a asibiti, ina roƙo ya sa ni a addu'a. A ciki akwai maganar da ba ta sani ba tukuna, kuma tana cikin wannan zauren namu na waya.

An haifi marigayiya a matsayin gorar lemon citta mai lita biyu. Ta shigo gidanmu a 2014, ranar godiyar kaka ta coci, aka shanye abin da ke cikinta, aka jefa ta kwandon shara, ni kuwa na ciro ta.

Ga dalili. A shekarar ce 'yarmu Olive, tana da shekara sha huɗu, ta shiga ƙungiyar masu tseren keke a daji. Ni da na baro Bukuru don 'yata ta zauna a ofis mai sanyi, sai ga ta tana bin duwatsu da saiwoyi da gudu. Sau biyu tayarta ta yi faci a tsakiyar kurmi, sau biyu hawan jinina ya tashi. Aka ba ni shawara a mayar da tayoyin marasa tif, a zuba musu wani ruwa fari kamar madara wanda ke toshe huda da kansa. Sai dai irin wannan taya ba ta zama a kan rim, wato ƙarfen da ake sa ta a kai, sai iska ta banko mata a lokaci ɗaya. Na yi ta buga famfon hannu har singiletina ya jiƙe, iskar tana fita ta gefe tana min tsaki.

Mahaifina mai faci ne, ba zan bari taya ta raina ni a ƙasar mutane ba. Na huda murfin gorar wuri biyu, na sa tsofaffin bawul, na haɗa tiyo, na naɗe jikinta da salatif mai kauri, na tusa ta cikin ƙafar tsohon wandona. Sai a matse tiyon da filaya, a tara mata iska da famfo, sannan a saki. Nan za ka ji muryarta: "Fuuuuu." Taya kuma ta amsa: "Ɗas! Ɗas!" Wanda bai taɓa jin wannan ɗas ɗin ba bai san kwanciyar hankali ba.

Marigayiya mai haƙuri ce da riƙon amana. Duk abin da aka zuba mata, takan riƙe shi a ciki har sai an ce ta saki. Ba ta taɓa neman wutar lantarki ba. Ta yi sanyin hunturu uku a gareji ba ta yi ƙorafi ba, ko da yake a ƙarshen rayuwarta takan ɗan yi "tsss" ta wajen murfi, muna shafa mata ruwan sabulu muna lallashi. Ta zaunar da tayoyin Olive, da na ƙawayenta biyu, da na wani Bature maƙwabcinmu wanda ya ɗauke ta hoto amma ya ƙi tsayawa kusa da ita.

Aibinta ɗaya, ba ta jin Turanci. Haka dai na gaya wa Olive.

Gejin famfona mai auna iska ya daɗe da mutuwa, saboda haka da ƙirga muke aiki: bugu arba'in, a tsaya. Ni ke buga famfo, Olive ke ƙirgawa. Waɗanda suka haifi 'ya'ya a nan sun san ciwon da nake nufi. Yarinya tana jin duk abin da ka faɗa da Hausa, har zagin da ka yi a ranka, amma amsa sai da Turanci. Ko gaisuwa, sai ta haɗiye rabinta. To, ranar farko na ce mata wannan gora 'yar Bukuru ce, in aka ƙirga mata da Turanci ba za ta riƙe iska ba. Ta juya ido irin na 'ya'yan Amurka, ta ce wannan ba kimiyya ba ce. Na ce ta gwada ta gani. Ta ja numfashi ta fara: ɗaya, biyu, uku. Tun daga ranar, duk Asabar da safe kafin ta fita, ko tayar ba ta da laifi sai na samo mata laifi. Shekara uku ina jin Hausa daga bakin 'yata, daga ɗaya zuwa arba'in, ba ƙari.

Yanzu ga maganar rashin lafiyar ƙarshe. An gaya wa Constance cewa tsufa ne. Olive ce ta faɗa, ta rufa min asiri, ni kuma na gyaɗa kai. Ba tsufa ba ne.

Saura sati biyu Olive ta tafi jami'a, can wata jiha mai nisan awa bakwai a mota. Ran Asabar ɗin muka sa sabuwar taya, na kama famfo, ta kama ƙirga. Da muka kai arba'in, hannuna ya zarce da bugu ɗaya bisa kuskure. Sai na ji ta ce, "Arba'in da ɗaya."

Ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Na sake bugawa. Ta ce arba'in da biyu. Jama'a, na san iyakar marigayiya, ni na haɗa ta da hannuna. Na ji tana kumbura cikin wando, na ji salatif yana ƙara. Amma na ce a raina bari in ga inda yarinyar nan za ta tsaya. A arba'in da tara ta dubi silin, ni ma na riƙe famfo a sama ina jira. Ta ce, "Hamsin." Ni ban koya mata ba, uwarta ma ta ce ba ta taɓa ba. Idona ya cika da ruwa, ban ƙara ganin gora ba, na ci gaba da bugu kamar mai daka.

A kan hamsin da bakwai Goggo ta yi maganarta ta ƙarshe: "Tuuum!"

Mun gode wa Allah, wandon ya tare ɓaraguzan, ba wanda ya ji rauni. Sai dai kofin ruwan facin da ke gefe ya tashi sama ya sauka a kan zanen zumuntar mata na Constance, wanda ta goge ta rataye domin Lahadi. Wannan ruwa ba ya fita. Maman Olive, ga gaskiyar ke nan, ki yi haƙuri.

Marigayiya ta bar famfo ɗaya marar geji, filaya, tiyo mai tsawon hannu, rabin ƙafar wando, da ni. Muna godiya ga maƙwabcinmu Alhaji Maitama, wanda ya rugo ba takalmi yana salati, ya tsaya har hankalinmu ya dawo. Ya yi ta'aziyya, sannan ya ce wa Olive, "'Yata, ki bar wahalar da tsohon nan, ki kawo keken garejina." Alhaji yana da injin iska mai lantarki. Ya zaunar da tayar kafin in gama goge hawaye, ba a ƙirga ko ɗaya ba. Olive ta ce injin ya burge ta. Na yi masa godiya da baki, Allah ya san abin da ke zuciyata.

Za a yi jana'iza ranar Laraba da ƙarfe bakwai na safe, a bakin titi, cikin kwandon robobi, in masu kwashewa sun yarda su karɓe ta da salatif a jiki. Ba anko, ba abinci. Amma akwai sabuwar gorar lemon citta a firij, ana roƙon masu zuwa gaisuwa kowa ya sha kofi ɗaya, domin ina bukatar ta zama fanko kafin Juma'a. Na yi alkawari a gaban jama'a, wannan karon a arba'in zan tsaya.

Murfin marigayiya har yau ba a gan shi ba. Asabar ɗaya ta rage kafin tafiya, ban sani ba ko Olive za ta sauko garejinmu ko za ta tura kekenta gidan Alhaji. Kuma ban san ko ta iya sittin ba.