Talatin da Takwas da Rabi, Madam!

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka farke cikin saniyar Inna Dije a gabana ba. Maganin dabbobi nake sayarwa a kasuwar Kore Mairuwa, kuma a shekarar an kai mu Dogon Dutsi an yi mana horon mako biyu kan taimaka wa likitocin dabbobi. Mako biyu tak! Amma ina dawowa na ɗinka farar riga mai aljihu uku, 'yan kasuwa suka laƙaba mini "Lokotoro", wato likita, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba. (Har a hankali nake waiwayowa in an kira ni, wai don a ga nauyin ilimi.)

Inna Dije tsohuwa ce Bafulatana, rugarsu tana bayan Dumega. Tana da jar saniya da take kira Boɗe, tsatson wadda mahaifinta ya ba ta tun tana jaririya. Fari ya cinye sauran, ita kaɗai ta rage. To Boɗe ta yi ta cin leda da rani har ta daina cin ciyawa, ta rame, ciki ya yi tauri. Na ɗura mata duk abin da ke shagona, ba ta san ma ina yi ba. A ƙarshe aka kira likitar dabbobi, wata siririyar mata mai ƙarancin magana da kowa ke kira Madam, ta ce sai an yi aiki. Ni na raka ta rugar, da safe, farkon damina.

Aka ɗaure saniyar a tsaye ƙarƙashin rumfa, aka aske kwiɓinta na hagu, aka wanke da ruwa mai yawa, aka yi allurar kashe zafi, aka sa mata ƙarin ruwa a jijiya. Sai Madam ta juyo gare ni ta ce aikina ɗaya ne: in riƙa auna zafin jikin saniyar bayan kowane minti goma, in faɗa mata. Ta ce dabba mai rauni in aka buɗe cikinta sanyi na iya shigarta, ta faɗi, ba ta ƙara tashi ba. Ma'auninta mai batir ya mutu a hanya, don haka ta ciro wani na gilashi, siriri, mai farin ruwa a ciki. Ta kaɗa shi da ƙarfi sau uku, ta miƙo mini.

"Malam, ka iya aiki da irin wanga?"

"Haba Madam," na ce, har da 'yar dariya. "Ni?"

Wallahi ban taɓa riƙe irinsa ba. A wurin horo mai batir muka gani, wanda ke yin ƙara in ya gama. Kaɗawar da ta yi kuwa, na ɗauka yanga ce irin ta likitoci.

Na ɗaga wutsiya, na sa shi inda ake sawa (ba sai na faɗa ba), na jira, na ciro, na karanta da muryar mai sanarwa a rediyo: "Talatin da takwas da rabi, Madam!" Ta ce madalla, ta ɗauki wuƙa.

Abin da na gani daga nan, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ta tsaga fata, ta tsaga nama, ta jawo tumbi ta ɗinke bakinsa da fata, sannan ta buɗe shi, wani tururi mai ɗumi ya taso. Ta zura hannu har kafaɗa a cikin dabba mai rai, dabbar kuma tana tsaye, tana lumshe ido, tana kaɗa kunne don ƙuda! Sai ta fara jawowa: leda baƙa, leda fara, igiya, tsumma, har da rabin silifa, duk sun murɗe wuri guda. Aka cika kwano, aka sake cika wani. Ban san lokacin da na fara tasbihi a fili ba. Na sha ganin cikin saniya a mahauta, amma ban taɓa ganinsa yana motsi ba, yana aikinsa, bai ma damu da mu ba.

Ana cikin haka hadari ya taso daga gabas, iska mai sanyi ta shigo rumfar da feshin ruwa. Ni dai ina kan aikina. Minti goma: talatin da takwas da rabi. Wani minti goma: talatin da takwas da rabi. Har na fara alfahari, kamar ni ke riƙe da zafin da hannuna.

Inna Dije tana can wajen kan saniyar, ta dafa gindin kunnenta tana yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Can ta ɗago.

"Ɗana, saniyag ga ta yi sanyi."

"Inna, ki kwantar da hankalinki," na ce, ina nuna mata gilashin kamar tana bina bayani. "Na'ura ta ce lahiya lau."

Ta taɓa gindin ƙaho, ta taɓa hanci, ta sake cewa, wannan karon ba da ni take ba: "Likita, ni ban san na'ura ba. Amma kunnen ga ba nata na ba."

Madam ta tsaya cak, hannu cikin tumbi. Ta dubi ƙafafun saniyar, suna ɗan rawa. Ta dube ni.

"Sau nawa ka auna?"

"Biyar."

"Duka talatin da takwas da rabi?"

"Daidai wa daida, Madam."

"Kana kaɗa shi kahin ka mayar?"

Jama'a, ko sau ɗaya ban kaɗa ba. Ashe farin ruwan nan in ya hau ba ya sauka da kansa sai an kaɗa. Kusan awa guda ina tsaye bayan saniya da farar riga, ina karanta wa mutane labarin farko. Ta ce in kaɗa in sake. Na kaɗa har wuyan hannuna ya yi ƙara, na auna, na duba. Muryar rediyo ta gudu ta bar ni. "Talatin da shida... da kaɗan."

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Umarni kawai ta shiga bayarwa. Aka kewaye rumfar da tabarmi, aka kawo garwashi a kasko biyu, aka ɗumama ruwan da ake ƙara mata a jijiya. Inna Dije ta kwance mayafinta ta rufa wa saniyar a baya, ta rungume wuyanta, ita tana karkarwa, dabbar tana karkarwa. Aka kawo bargo, shi ma bai isa ba. Madam ta dubi farar rigata. Na tuɓe na rufa wa Boɗe a ƙugu. (Wannan ne aikin likita na farko da rigar ta taɓa yi.)

Madam ta ci gaba da ɗinki da sauri, hannunta ko gezau. Ni kuwa ina kaɗawa, ina aunawa, ina roƙon Allah kada tsatson shanun tsohuwar nan ya ƙare a kan "Haba Madam, ni?" Talatin da bakwai. Talatin da bakwai da rabi. Da aka yanke zaren ƙarshe, Boɗe ta miƙa wuya ta fizgi ciyawa daga hannun Inna Dije. Tsohuwar ta fashe da kuka, ni ma idona ya cika, don na ga ikon Allah ƙuru-ƙuru.

Muna shirin tafiya Inna Dije ta kira ni gaban kowa. Na zo a sunkuye, daga ni sai singileti. Ta miƙa hannu ta kama gindin kunnena, ta ɗan jima, sannan ta juya ga Madam.

"Wanga kam shina da zahi. Ba ya son bargo."

Rugar nan kaf ta kwashe da dariya, har Madam.

Boɗe ta haihu bara, mace. Ni kuma na koyi abu biyu: kafin in duba na'ura sai na taɓa kunne, kuma in aka ce "ka iya?" na daina cewa "ni?" Rigar tana can a rugar har yanzu, an ce ita ake rufa wa 'yar maraƙar in an yi ruwa.